Kwas ɗin hasashen yawan jama'a da na yi a Wuse 2: Baba ne ya ceci kuɗina

Masu tambayata ko kwas ɗin nan na koyon hasashen yawan mutanen birni da na ƙauye ya ci kuɗinsa, amsata ita ce eh ya ci, amma fa saboda mutum ɗaya ne tak, kuma da za a cire mutumin nan daga ciki wallahi ba zan ce wa kowa ya kai kuɗinsa wurin ba. Sunan cibiyar ba zan faɗa ba tunda akwai maganganun da ba za su yi musu daɗi ba, a Wuse 2 dai take, can saman wata fulaza, kuma lifta ɗinsu tun ranar da na je yin rijista take a mace har muka gama.

Ni aikina a wata 'yar ƙaramar ƙungiya ce mai haƙa bohol da gyaran ajujuwan firamare a gefen Abuja da wasu garuruwan Nasarawa da Neja. Duk wanda ke wannan harkar ya san masu ba da tallafi ba sa sakin sisi sai ka cike musu gurbin nan na mutum nawa za su amfana yanzu, nawa kuma nan da shekara goma, shi ya sa oganmu ya ce in je in koyo abin da tushe, ofis ya biya rabi ni na cika rabi. Kuɗin kam ba kaɗan ba ne, ya haura ninki biyu na mafi ƙarancin albashin nan na N70,000, ban da kuɗin mota kullum daga Kubwa. A takardar tallarsu sun ce za a ba mu abincin rana, intanet kyauta, takardun karatu, da satifiket ranar da aka gama.

Abincin dai ba laifi, jalof ce ko shinkafa da miya da guntun kaza, wani lokaci tana zuwa a makare har mutum ya fara ganin lambobi bibbiyu. Intanet ɗin kuwa suna ne kawai, da zarar mutum biyar sun hau sai ta tsaya cak, ƙarshe kowa da datarsa ya yi aiki. Janareta na ɗauke firojekta amma ba ya ɗauke esi, to ka ƙiyasta ɗaki cike da mutane da laftof a zafin Abuja, tagogi kuma irin na gilashin nan da ba sa buɗuwa sosai. Wanda zai je ya tafi da abin jona caja mai baki da yawa, soket biyu ne kacal a bango, ana ta rigima a kansu kamar ba manya ba. Shi ke nan na gama da wurin, mu koma kan karatun.

Malamai biyu ne. Na farko wani matashi ne ɗan gayu, yana da saurin hannu a Excel gaskiya ba zan hana shi wannan ba, amma karatunsa duk daga sikirin yake karantowa, in ka tambaye shi abin da ba ya cikin sikirin sai ya ce za mu zo wurin, ba kuma za a zo ba. Shi ya koya mana hanya mafi sauƙi, wato ka ɗauki adadin ƙidaya ta ƙarshe, ka ɗauki kason da jama'a ke ƙaruwa da shi duk shekara, ka yi ta ninkawa har shekarar da kake so. Ƙidayar 2006 ta ce mu 140,431,790 ne, ƙaruwa kuma kashi 3.2 cikin ɗari a shekara, ka ja fomula ƙasa sai ga shi 2025 ta ba ka kusan miliyan 255. Wani daga baya ya ce to ai Majalisar Ɗinkin Duniya kimanin miliyan 237 take cewa, ina sauran miliyan goma sha takwas suka shiga? Malam ya ce za mu zo wurin. Daga nan ya ce kowa ya yi wa jiharsa, mu mazauna Abuja muka ɗauki 1,406,239 na 2006 da kashi 9.3 da ake ba babban birnin tarayya, muka ja har 2050, Excel ya kawo mana sama da miliyan 70. Wata Hajiya da ke aiki a ɓangaren lafiya, tana zaune gefena, ta cire tabarau ta kalli sikirin ta ce "Malam, miliyan 70 a Abuja? A kan dutsen Zuma za mu jera su ko a ina?" Aka kwashe da dariya, shi kuma ya ce ai abin da fomula ta bayar ke nan. Abin da ya ba ni haushi ba wai adadin ba ne, a'a, yadda ya wuce shafi na gaba ba tare da ya tsaya ya ce mana ga dalilin da ya sa wannan lissafin ba ya aiki a dogon zango ba. A lokacin har na fara tunanin ko in je in nemi a mayar min da rabin kuɗina.

Sai ga malami na biyu, wanda muke kira Baba. Dattijo ne ɗan Filato, ya yi ritaya, ya ce da shi aka yi aikin ƙidayar 1991 da ta 2006, Hausarsa irin tamu ta Jos sak, yana zuwa da wata tsohuwar jaka da kalkuleta wadda lambobinta sun goge, ba ruwansa da firojekta, allo da maka kawai. Abin da ya fara yi shi ne ya sa Hajiya ta maimaita tambayarta, ya ce "Hajiya, ke kaɗai kika yi karatu jiya." Ya nuna mana daga ina 9.3 ɗin ta fito: a 1991 mutanen Abuja 371,674 ne, kuma a watan Disambar shekarar ne Babangida ya tare daga Legas, ma'aikatu suka biyo baya da ma'aikata da iyalansu da 'yan kwangila da leburori, to dole tsakanin 1991 da 2006 adadin ya ninka kusan sau huɗu. Wannan tarewa ce, sau ɗaya ake yin ta, ba za ka ɗauki gudun shekarun tarewa ka ce haka za a yi ta yi har jikokinka ba. Ya ba mu wata 'yar dabara da har yanzu nake amfani da ita a ka, ka raba 70 da kason ƙaruwa sai ka samu shekarun da jama'a za su ninka, 3.2 ta ba ka kamar shekara 22, 9.3 kuwa shekara bakwai da rabi, ya ce duk lokacin da wani ya kawo muku kaso ku fara yin wannan rabawar ku tambayi kanku ko hankali zai ɗauka.

Sannan ya shiga tarihin ƙidaya, nan ne ajin ya yi tsit. Ta 1962 an soke, aka sake a 1963 aka ce miliyan 55.7, ta 1973 zamanin Gowon ita ma aka soke, sai 1991 aka samu kusan miliyan 89, sai 2006 da Kano ta zo da miliyan 9.4 Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ce ba ta yarda ba ta fito da nata adadin sama da miliyan 17. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 Buhari ya ɗage ta ana saura kwanaki. Kuma kowa ya san dalilin rigimar, yawan jama'a na cikin ma'aunin rabon kuɗin tarayya da kujerun majalisar wakilai, Kano 24 Legas 24, Abuja da duk cikarta kujera biyu da sanata ɗaya. Ya ce mana, 'ya'yana, duk hasashen da za ku yi a ƙasar nan kamar tela ne da zai ɗinka wa saurayi kayan sallah da awon da ya ɗauka tun yana goye, ba a ce kada ku ɗinka ba, amma ku bar sarari a ɗinkin kuma ku faɗa wa mai kaya gaskiya.

Inda na fi ƙaruwa shi ne maganar mene ne ma birni, don ni da na zo na ɗauka abu ne da kowa ya sani. Ashe kowace ƙasa da nata ma'aunin. A Najeriya gari mai mutum 20,000 zuwa sama shi ake lissafawa birni, ga kuma hedikwatocin ƙananan hukumomi da hukuma ke ɗauka a matsayin birane su ma, kuma muna da ƙananan hukumomi 774, wasu hedikwatocin duk mun san su, sakatariya ce da kasuwar mako da gidan mai ɗaya. Gana 5,000 take amfani da shi, Denmak mutum 200 ma ya isa, Japan sai 50,000, Indiya kuwa 5,000 ne amma da sharaɗin kashi 75 cikin ɗari na maza masu aiki ba noma suke yi ba, da kuma cunkoson mutum 400 a kowace murabba'in kilomita. Ka ga ke nan in an ce ƙasa kaza ta fi ƙasa kaza zama birni, sai ka tambaya da wane mudu aka auna. Saboda wannan ruɗanin ne a 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wani ma'auni na bai-ɗaya, a yanka taswira gida-gida kowane gida kilomita ɗaya, inda aka samu cunkoson mutum 1,500 a kilomita kuma jimillarsu ta kai 50,000 birni ne, inda aka samu 300 a kilomita jimilla 5,000 gari ne matsakaici, saura karkara. Akwai kuma wani shirin bincike mai suna Africapolis da ke bin hoton tauraron ɗan'adam, in gine-gine sun haɗe babu tazarar da ta wuce mita 200 kuma mutanen sun kai 10,000 to birni ne ko da hukuma na kiransa ƙauye. Mu a nan matsalarmu ta fi haka ma, don sakamakon 2006 a matakin ƙaramar hukuma ya tsaya, ba a fitar da shi gari-gari ba, shi ya sa in kana neman kason birni daga ƙidaya kai tsaye sai ka koma 1991 da ta ce kashi 36, ko 1963 da ta ce kashi 19.

To ga abin da ya juya min tunani gaba ɗaya, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutun. Mu duka mun saba cewa ƙauye ya watse, kowa ya gudo birni, nan gaba ba mai noma. Baba ya rubuta alƙaluman rahoton birane na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 a allo: duniya a 1950 kashi 30 ne ke birni, a 2018 kashi 55, ana hasashen 68 a 2050, kuma ƙasashe uku ne za su kwashi kashi 35 na duk ƙarin, Indiya miliyan 416, Sin miliyan 255, Najeriya miliyan 189. Kowa ya ce kai! Sai ya ce ku dakata, ku yi min ragi. A wancan rahoton Najeriya a 2018 rabi da rabi ce, kimanin miliyan 99 a birni miliyan 97 a karkara, a 2050 kuma kashi 70 birni kashi 30 karkara, amma kashi 30 na mutum miliyan 410 nawa ne? Miliyan 123. Wato kason ƙauye ya faɗo daga rabi zuwa ƙasa da sulusi amma mutanen ƙauyen ƙaruwa suka yi da sama da miliyan 25, a kan gonakin nan dai da ake ta rabawa gado bayan gado, da rijiyoyin nan, da makiyayar nan da ake faɗa a kanta. Ni da nake haƙa bohol wannan ba ƙaramar magana ba ce, don na sha jin manya a taro suna cewa a daina zuba kuɗi a karkara tunda mutane barinta suke yi, kuma ban taɓa samun abin da zan mayar musu ba sai yanzu.

Ya kuma raba mana ƙaruwar birni gida uku. Akwai haihuwar da ake yi a cikin birnin kansa, wadda ya ce a yawancin biranen Afirka ita ce babba ba ƙaura ba, akwai masu tasowa daga ƙauye, sannan akwai na ukun da ba a cika kula da shi ba, ƙauyen da bai je ko'ina ba birni ne ya zo ya same shi. Mutum na kwance a ɗakin da aka haife shi, garinsu ya haura 20,000 ko kuma gine-gine sun haɗe shi da babban gari, a takarda ya zama ɗan birni alhali ko jaka bai ɗauka ba. Lugbe, Kubwa, Karu, Mpape, Dutse, ai duk garuruwan Gbagyi ne da birni ya haɗiye. Mu 'yan Jos ma mun gani da idonmu, da can in ka bar Jos za ka Bukur sai ka ratsa fili, yanzu ka nuna min inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Hanyar lissafin da ya koya mana ta raba birni da ƙauye ita ce wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana bi, kuma ba ta da wuya yadda na zata. Ba ka hasashen birni shi kaɗai ƙauye shi kaɗai, don in ka yi haka wata rana sai birni ya fi ƙasar gaba ɗaya yawa, irin abin da ya same mu da miliyan 70. Kana fara samo jimillar ƙasa tukuna, sannan ka duba bambancin gudun ƙaruwar birni da na ƙauye, da wannan bambancin kake tura rabon gaba, sai layin ya fito a lanƙwashe, ya tashi a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya sassauta in ya doshi sama, ba ya taɓa kai ɗari. Mun gwada da hannu, in ka sa bambancin kamar 2.6 cikin ɗari a shekara za ka tashi daga rabi da rabi a 2018 ka sauka kan 70 da 30 a 2050, da na ga nawa ya fito daidai da na allo wallahi sai da na ji wani daɗi kamar ɗan firamare. Ita kuma jimillar ana samo ta ne ta bin rukunin shekaru, maza daban mata daban, 'yan 0 zuwa 4, 5 zuwa 9, haka har tsofaffi, kowane rukuni ka tura shi gaba shekara biyar ka cire waɗanda za su rasu, ka ƙara jariran da matan 15 zuwa 49 za su haifa, ka saka masu shiga da fita. Akwai manhaja kyauta mai suna Spectrum da ke yin wannan, a nan ne matashin malamin ya yi amfani don shi ya taya mu saka ta a kwamfuta, sai dai lokacin da aka ware mata ya yi kaɗan ƙwarai, mun dai ga inda ake danna wannan da wancan amma ban ce na iya ba, a gida nake ci gaba da lalube.

Duk abin a kan haihuwa yake juyawa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya ce mace a Najeriya na haifar 5.3 a matsakaici, ta birni 4.5 ta karkara 5.9, Arewa maso Yamma 6.6, Kudu maso Yamma 3.9, na baya-bayan nan kuma na 2023 zuwa 2024 ya sauko 4.8. Ɗan wannan saukowar da kake rainawa ita ke motsa miliyoyi, shi ya sa ita kanta Majalisar Ɗinkin Duniya take ta rage hasashenta na Najeriyar 2050, a 2017 ta ce miliyan 410, a 2019 ta ce 401, a 2022 ta ce 377, a 2024 ta dawo 359. Wani ɗan ajinmu ya ce to ashe su ma canki-canka suke yi. Baba ya ce a'a ɗana, mai canki-canka ba ya dawowa ya gyara. Ya hana mu miƙa adadi ɗaya a aikin gida, dole uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, kuma a rubuta a ƙarƙashin kowanne abin da aka ɗauka game da haihuwa da ƙaura, wanda ya kawo adadi har zuwa mutum na ƙarshe kamar 4,817,263 sai ya zagaye lambobin ƙarshe da jan biro ya rubuta "ka ƙirga su?"

Fitar da muka yi zuwa Mararaba, garin Nasarawa da ke bakin Abuja, ba ta cikin jadawalin cibiyar, Baba ne ya matsa, mu muka haɗa kuɗin bas da kanmu, abin da ni a ganina bai dace ba bayan kuɗin da suka karɓa. Amma gani ya kori ji. Da sassafe ya tsayar da mu kan gadar masu tafiya da ƙafa muna kallon hanyar Keffi, motoci da bas da babura sun cushe ɓangaren shiga Abuja tun daga Masaka da Ado da One Man Village har Nyanya, ɗaya ɓangaren kuma kusan wayam, wata mata da goyo da kular abinci a ka tana ta kai hannu ga ƙofar mota ana ture ta, yara 'yan makaranta na ratsa tsakanin tayoyi. Ya ce ku gaya min waɗannan mutanen na ina ne? Da rana ruwan Abuja suke sha, asibitinta suke zuwa, titinta suke cikawa, da dare kuma ƙidaya ta rubuta su a Nasarawa. Haka Suleja da Madalla suke a Neja. Tsarin Abuja na 1979 an yi shi ne da hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, iyakarsa kuma miliyan 3 da ɗan wani abu, ba a yi wa direba da mai gadi da mai shara da ƙaramin ma'aikaci wurin kwana da za su iya biya ba, ga rusau na zamanin El-Rufa'i tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara tura mutane baya, to sai birnin ya tsallake iyakar jiha ya ci gaba da girma a can inda lissafin Abuja ba ya gani. Tun daga ranar in an ce min yawan mutanen Abuja kaza sai na ce wace Abujar, ta taswira ko ta safiyar Litinin.

Inda kwas ɗin ya gaza, har da Baban kansa a nan, shi ne maganar tsaro da cirani. An taɓo su ne kawai a fatar baki. Alhali duk wanda ya san Maiduguri kafin Boko Haram ya san yadda ta kumbura da 'yan gudun hijira, ga mutanen ƙauyukan Zamfara da Katsina da ke kwarara Gusau da sauran garuruwa, ga namu na Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, a nan Abuja ma akwai sansanoni a Durumi da Kuchingoro da Wassa. Lanƙwasasshen layin nan mai kyau bai san da wannan ba, shi a hankali yake tafiya, mutane kuwa a dare ɗaya suke tashi. Sannan 'yan cirani, mai ruwa da mai shayi da mai gyaran takalmi da ɗan acaɓa da ke Abuja da rani su koma gona da damina, a ina za ka saka su? Ƙidayar 2006 a watan Maris aka yi ta, tsakiyar rani, kuma inda aka same ka nan ake rubuta ka, ga kuma masu tafiya garinsu musamman don a ƙirga su a gida. Na so a ce an ba wannan yini guda cur, a nuna mana yadda ake haɗa alƙaluman rigakafi da rijistar makarantu da taswirar yawan jama'a ta shirin GRID3 ko WorldPop a gyara hasashen ƙaramar hukuma ɗaya, tunda mu yawancinmu ba ƙasa muke yi wa lissafi ba, gunduma ce ko unguwa. Na tambaya, Baba ya ce gaskiya lokacin da aka ba shi bai kai ba, ya dai rubuta min sunayen wuraren da zan duba a bayan takardata.

Takardun karatun da suka yi alƙawari hoton sikirin ɗin matashin ne aka buga baƙi da fari, jadawalin ciki ma ba ya karantuwa, abin da Baba ya koyar kuwa babu ko layi ɗaya a ciki, don haka ka tafi da littafin rubutu mai kauri, ni hoton allo na riƙa ɗauka da waya kafin ya goge. Satifiket an ce ranar gamawa, sai da muka yi ta sintiri, da ya fito kuma sun rubuta sunan Hajiya ba daidai ba aka sake jira.

Wa zan ce ya je? Ma'aikacin sashen tsare-tsare na jiha ko ƙaramar hukuma, 'yan ƙungiyoyi irina, ɗalibin da ke rubuta kundin digiri na biyu, har ɗan kasuwar da ke tunanin inda zai kafa gidan burodi ko masana'antar fiya wata nan da shekara biyar, duk za su ƙaru, da sharaɗin ka ɗan iya Excel tun daga gida don ba wanda zai tsaya koya maka jan fomula. Wanda kuma satifiket kawai yake nema na ƙarin girma, akwai wurare masu arha a Garki. Kafin ka biya ka kira su ka tambaya ko dattijon nan ɗan Filato ne zai koyar a zagayen, ka ce su turo maka jadawalin da sunansa a rubuce, don na ji ana cewa ba kowane zagaye yake zuwa ba, in sun fara ce maka ai duk malamanmu ƙwararru ne to ka riƙe kuɗinka sai zagaye na gaba. Kuma ka nemi na watan sanyi, saboda maganar esi ɗin nan.